Amsa ga mai tambaya kan yoyon tankin sigarin lantarki

Ɗan'uwa, ka ce ruwa na zubo maka ta ƙofar iska har ya jiƙa aljihu. A garin Garwa na Kamaru zafi zan fara zargi. Da bazara, zafin kan haura digiri 40, ruwan ya tsinke, iskar cikin tankin ta kumbura ta turo shi waje. Kada ka bar sigarin a mota ko a rana, kuma ka riƙa ajiye shi a tsaye.

Wajen cikawa mutane ke yawan kuskure. Ka bar ɗan sarari a sama, kada ruwa ya shiga bututun tsakiya, ka rufe nan take. Ɗaurewa da ƙarfin tsiya na tsinka zoben roba, to ka duba shi, in ya tsage ka sauya. Koyil ma, wato wayar da ke dumama ruwan, in audugarsa ta ƙone ba ta riƙe ruwa.

In ruwa ya kai ga batir, daina caji, ka kai wa mai gyara. Abin da ya fi damuna yara ne: ruwan nikotin guba ne. In ya taɓa fata a wanke da sabulu, in yaro ya haɗiye a garzaya asibiti tare da kwalbar.