Amsa ga ƙanenmu mai son barin hoton jarida ya koma dokumentari

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana ɗaukar wa jarida hoto, yanzu kana son komawa shirya fim ɗin dokumentari, wato fim mai nuna rayuwa ta gaskiya, kana tambayar wace kyamara za ka saya. Ni ma ta wannan hanya na biyo, kuma shawarata ita ce kada ka sayi kyamara tukuna. Wadda ke hannunka, muddin tana ɗaukar bidiyo, ta wadatar. Makirfo za ka saya, ƙaramin nan da ake maƙala wa mutum a wuyan riga, da abin sauraro na kunne.

Mu masu hoto ido muka horar, kunnenmu bai san aiki ba. A Hawan Sallah ka saba jiran daƙiƙa guda, lokacin da mahayi ya ja linzami a ƙofar fada ya ɗaga mashi, ka danna, shi ke nan ka samu na shafin farko. A fim wannan daƙiƙar ba ta isa. Mai kallo yana son jin algaita da kakaki, yana son jin bakin yaron da ya kwana yana yi wa dokin kwalliya. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ƙarar janareta ko ta babura ta danne muryar dattijo, sun tashi. Saboda haka kafin ka kafa kyamara, tsaya ka saurari wurin. Idan ka fara ɗauka kuma, bar ta a kan abu guda aƙalla daƙiƙa 10, kada hannunka ya yi ta yawo. Wajen haɗa fim ɗin a kwamfuta za ka ga amfanin haka.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zama da mutane. Ɗan jarida yakan zo ya ɗauka ya wuce. Kai kuwa za ka yi ta komawa gida ɗaya har a daina shimfiɗa maka tabarmar baƙo. Ka fara da gaishe da mai unguwa, ka faɗa wa mutum inda za a nuna fim ɗin kafin ya yi magana, kuma cikin gida wurin mata sai da izinin maigida da yardarsu, zai fi ma ka tafi da mace ta riƙe kyamarar. Wanda ya buɗe maka cikinsa amana ya ba ka.

Labari kuwa kada ka tafi nema nesa. Babban masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun ƙarni na 19, wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023, aka yi asarar rayuka. Tsofaffin maginan da suka san sirrin tubali da azara da makuba suna ta raguwa, abin yana damuna ƙwarai. Ga kuma tarihin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, ga masu ɗinkin aska takwas a zaurukan birni.

Idan karatu kake so, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, ga sashen aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Amma kada ka daina ɗaukar hoton biki da na suna, su za su ciyar da fim ɗin, don dokumentari ba ya kawo kuɗi da wuri. Ka fara da na minti 10 a kan mutum ɗaya, ka ajiye abin da ka ɗauka a wuri biyu. In ka haɗa, turo mana nan mu gani. Allah ya taimaka.