Amsa: me ya sa jirgin da ke tsakiyar teku ba ya jin tsunami?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi igiyar da ta share garuruwa a 2004 ta wuce ta ƙarƙashin jiragen ruwa a tsakiyar teku ba su ko ji ba. Maganar duk ta zurfi ce.

Igiyar da muka saba gani iska ce ke kaɗa ta, saman ruwa kawai ke motsi. Tsunami kuwa daga ƙasan teku take tasowa. Ranar 26 ga Disamba 2004, kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 ta ɗaga ƙasan teku, sai ruwan da ke kai ya ɗagu gaba ɗaya, tun daga gindi har sama.

Inda zurfi ya kai mita 4,000, gudun tsunami kusan kilomita 700 ne a awa, kamar jirgin sama. Amma tsayinta bai cika kai mita ɗaya ba, kuma tsakanin tudun igiya da na bayansa ya fi kilomita 100. Jirgi sai dai ya ɗan ɗagu a hankali ya sauka. Da ta doso gaɓa zurfi ya ragu, gabanta ya rage gudu, bayanta na tafe da ƙarfi, ruwan ya hau kan juna ya miƙe.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wani lokaci teku kan janye tukuna, ga kifi a fili. A 2004 mutane da yawa sun sauka kallo, Allah Ya jiƙansu. Kuma ba lallai igiyar farko ce mafi girma ba. Tsunamin 2004 ɗin ma, bayan kimanin awa 7 sai da ta isa Somaliya.