Hazon kaka a Ingila: yaya hazo da ɗumi da ruwan sama ke haɗuwa a hasashe ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, ina karatu a birnin York na Ingila, kuma wannan ne karon farko da kaka ta riske ni a nan. Ina tuƙi da asuba zuwa wurin aiki. Hasashen makon nan ya ce za a tashi da hazo mai kauri, da rana a yi ɗumi har digiri 15, ga kuma yiwuwar ruwan sama kashi 40 cikin 100. A gida na san hazo da sanyi da bushewa yake zuwa, ba ruwansa da damina. Yaya abubuwa ukun nan za su haɗu? Kuma sau biyu ana cewa za a yi hazo, na wayi gari na ga sarari garau. Shin abin dogaro ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da ya rikita ka shi ne kalma ɗaya muke kiran abu biyu da ita. Hazon da ka sani a Zariya ƙura ce. Iskar hunturu ke kwaso ta daga hamada, galibi daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zo da ita a bushe, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Hazon York kuwa ruwa ne tsantsa, ƙananan ɗigo masu yawo a iska, wato girgije ne da ya kwanta a ƙasa. Namu sai iska ta bushe yake zuwa, nasu sai ta jiƙe sharkaf. Don haka ruwan sama ba abokin gābar wannan hazon ba ne, sau da yawa ma shi ke share masa hanya.

Ka tuna yadda kofin ruwan sanyi ke gumi idan an ajiye shi a ɗaki. Iska tana ɗauke da tururin da ido ba ya gani, kuma gwargwadon ɗuminta gwargwadon abin da za ta iya riƙewa. Idan ta huce har ta kai wani mataki, sai ta gaza, tururin ya koma ruwa. Wannan matakin muke kira ma'aunin raɓa. A daren da sama ta washe, ƙasa takan saki zafin da ta tara da rana, ta yi sanyi, ta sanyaya iskar da ke kwance a kanta. In iskar ta kai ma'aunin raɓa, hazo ya samu.

Yanzu dubi yadda makonku zai iya tafiya. Iskar kudu maso yamma ta taso daga tekun Atlantika, wanda har yanzu yake riƙe da ɗumin watannin zafi, domin ruwa ba ya saurin hucewa kamar ƙasa. Ita ce ta kawo digiri 15 ɗin nan, ita ce kuma ta kawo danshi da yayyafi. Ruwan ya jiƙa gonaki, ya wuce. Da yamma gajimare ya yaye, iska ta lafa, ga dare ya yi tsawo. Kafin asuba hazo ya rufe gari. Ka ga ɗumin da ruwan da hazon duk 'ya'yan iska ɗaya ne, kowanne da lokacin fitowarsa.

Kuma ka sauka a inda abin ya fi kamari. York tana tsakiyar wani shimfiɗaɗɗen kwari ne, tsaunukan Pennines a yamma, tuddai a gabas, kogin Ouse na ratsa tsakiya. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka da dare takan gangaro daga tuddai ta taru a kwarin, kamar yadda sanyi ke kwanciya a fadama. Ranar da za ta kore shi kuma ba ta da ƙarfi. A tsakiyar Nuwamba, da tsakar rana, tsayin rana a samaniyar York, wato kusurwar da ta ɗaga daga ƙasa, bai kai digiri 20 ba, alhali a Zariya yana kusan 60. Shi ya sa hazon Satumba kan watse da hantsi, na ƙarshen Nuwamba kuwa yana iya wuni.

Batun safiyoyi biyun da ka tashi ba ka ga komai ba, zan gaya maka gaskiya: a duk aikinmu na hasashen yanayi, hazo na cikin abubuwan da suka fi wuyar hasashe. A kan siririn zare yake tafiya. In babu iska ko kaɗan, sai raɓa ta sauka a ciyawa, ko a sami ɗan hazo iya gwiwa. In akwai 'yar iska mai kaɗa ganye kawai, ita ce ke gauraya sanyin ya hau sama, hazon ya yi kauri. In ta ƙara ƙarfi kaɗan, sai ta ɗaga shi ya zama gajimare. Wani siririn girgije da ya gifta da ƙarfe 2 na dare ya isa ya rufe ƙasa kamar bargo, ya hana ta hucewa. Bambancin digiri 1 kan raba safiyar da ba ka ganin motar gabanka da safiya garau. Hukumar yanayi ta Birtaniya, Met Office, wadda aka kafa a 1854, tana da manhajar kwamfuta da ke yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 1.5. Duk da haka ƙaramin kwari ko bakin kogi na iya ɓuya a cikin gida ɗaya. Mai yiwuwa ne ma a ranakun nan an yi hazon, a 'yan kilomitoci daga unguwarku.

Kashi 40 na ruwan sama kuwa ba ya nufin za a yi ruwa a kashi 40 na yankin, ko na sa'o'in yini. Ana maimaita lissafin kwamfutar sau da yawa, kowane karo a ɗan sauya yanayin da aka fara da shi, a ga sau nawa ruwa ya fito. Ma'anarsa a aikace: cikin ranaku 10 masu irin wannan hasashen, a sa ran ruwa zai sauka a wurin a ranaku 4. Ni dai da kashi 40 ba na barin lema a gida. Wani sauƙin da kuke da shi, tsaunukan Pennines na tare yawancin ruwan da ke zuwa daga yamma, shi ya sa York ba ta kai Manchester jiƙa ba.

Tuƙin asubar nan ne ya fi damuna. A ma'aunin duniya, ana cewa an yi hazo idan ido bai kai mita 1,000 ba, amma mai haɗari ga direba shi ne wanda ya gaza 200, in ya sauka ƙasa da 50 kuwa komai tsayawa yake yi. Dokar hanya ta Birtaniya ta wajabta kunna fitilun gaba idan ba ka ganin abin da ya wuce mita 100, ta yarda ka kunna fitilun hazo, ta kuma wajabta kashe su da zarar gari ya washe, don suna kashe wa na baya ido. Kada ka sa doguwar fitila, ɗigon ruwan zai dawo maka da hasken a fuska. Mafi sharri shi ne hazo mai tsalle-tsalle: kana gudu a sarari a kan babbar hanyar A19 ko A64, hanya ta ɗan gangara, sai ka faɗa cikin farin bango. A Satumban 2013 motoci fiye da 100 suka yi karo da juna cikin hazon safe a gadar Sheppey da ke Kent. Don Allah kada ka bi jar fitilar motar gaba kana ganin ta zama jagora. Ka bar tazarar da za ka iya tsayawa a iya inda idonka ya kai.

Hasashen hazo na kwana uku gaba ka ɗauke shi a matsayin shiri kawai. Wanda za ka yi aiki da shi shi ne na daren, tare da duba ko hukumar ta fitar da gargaɗi mai launin rawaya. Bayan sallar isha'i kuma ka leƙa waje da kanka. In ka ga taurari tar, ganye ba ya motsi, ƙasa a jiƙe, gilashin mota ya fara gumi, to ka saita ƙararrawar agogonka ta tashe ka minti 20 kafin lokacin da ka saba.