Tambaya da Amsa: Jinin Ɗan Mujiya da na Babba

Tambaya: Likita, ni ɗalibar likitancin dabbobi ce. Mun gwada jinin ɗan mujiya, sakamakon ya sha bamban da na manya. Ciwo ne?

Amsa: Ɗaliba, kafin ki ce ciwo, ki fara duba shekaru. A babbar tsuntsuwa mai lafiya, jajayen ƙwayoyi kan kai kashi 35 zuwa 55 cikin 100 na jini. Na ɗan da ke sheƙa bai kai haka ba, sai ya riƙa hawa yayin da yake girma. Sinadarin ALP (alkaline phosphatase, wanda ake samu a ƙashi da hanta) da fosfaras kuwa sukan yi yawa a jikinsa saboda ƙashi na tsiro, ba lallai hanta ce ta taɓu ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne yurik asid, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini. Mujiya da ta haɗiyi ɓera ɗazu, nata zai haura kamar mai ciwon ƙoda, don haka a ɗibi jini kafin ciyarwa.

Jinin da za a ɗiba kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin jiki: mai giram 300, iyakarta mililita 3. Ƙwayoyin kuma da hannu ake ƙirgawa, domin jajayen na tsuntsu suna da cibiya (nucleus) wadda na mutum ba su da ita, shi ya sa injin gwajin jinin mutane yakan rikice.