Tambayoyinku: ƙarfen gwangwan ya faɗi, mu riƙe ko mu sayar?

Wani ƙanenmu mai tura baro a Garwa ta ƙasar Kamaru ya rubuto, duk hankalinsa a tashe, wai kuɗin kilo sai ƙasa yake yi, ya tara ƙarafa a gida ko ya riƙe sai ya tashi?

Ƙanena kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne. Baƙin ƙarfe yawanci Duwala ake kai shi a narka a yi rodi, kuma kafin tirela ta bi ta Gaundare ta sauka can, kuɗin mota da na hanya duk a jikin kilonka dila zai fanshe. Ga naira da ta zube tun 2023, masu zuwa saye daga Mubi da Yola sefa ta yi musu tsada. In da kuɗin nan kake cefane to sayar kawai, ƙarfe a tsakar gida cikin damina tsatsa zai ci ya rage nauyi. Amma dan Allah ka ware kaya! Samu maganaɗisu na tsohuwar sifika, abin da bai kama ba kamar jan ƙarfe da sanholo ajiye shi daban, sanholon ma masu zubin tukwane za su saya a nan gida.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sikeli. Kuna ta kukan farashi alhali a wurin awo ake yanka ku, mutum ya yini cikin rana yana yawo bola-bola, ya zo ya miƙa buhu bai ko kalli allurar ba saboda kunyar Alhaji. Kunyar me? Ka tafi da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a cike, ka ce a ɗora, kilo ɗaya da rabi za ta nuna, in ta gaza ɗauki kayanka ka yi gaba. Kuma duba allura tana kan sifiri kafin a rataya, kar ka yarda a cire maka "na datti" da ka.

Wani daga Marwa kuma wai an kawo masa wayar lantarki da arha da daddare, ya saya? Haba malam, da daddare fa ka ce. Jandarma in sun zo ba ruwansu da wanda ya yanko, wanda aka samu da kaya shi za a tafi da shi.

Hajiya daga Kuseri, tsohon firijinki kar ki ba 'yan gwangwan tukuna, kai wa mai gyara ya duba, in injin na da rai zai fi kawo miki kuɗi.