Tsintsiya ce, ba sarkin yawa ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin Fiziks ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Katsina. Ina son yi wa ƙannena bayanin yadda ƙwayoyin zarra ke fitar da haske tare idan aka jera su. "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" ya dace? Kuma haske zan ce ko ƙyalli?

Amsa: Ɗana, ajiye sarkin yawa tukuna. Wannan karin magana na taron dangi ne, inda ake rinjaye da yawa ko da kowa na ta kansa yake yi. Naka batun kuwa na tsari ne.

Tun 1954 masanin Fiziks Robert Dicke ya nuna cewa idan ƙwayoyin suka matsu da juna sosai, sai su saki haskensu baki ɗaya. Ƙarfin walƙiyar guda goma yakan zarce ninki goma na guda ɗaya da lissafin kasuwa zai ba ka. A 2020 kuma masu bincike na Cibiyar Max Planck a Jamus suka jera ƙwayoyin wani ƙarfe mai suna rubidiyam ɗaruruwa ƙalilan, shimfiɗa ɗaya tak, tazara daidai wa daida, sai ga jerin ya zama madubi. Da aka hargitsa jerin, madubin ya lalace, alhali yawansu bai ragu ba. To ina sarkin yawa a nan?

Abin da kake nema shi ne "tsintsiya maɗaurinki ɗaya". Sirrin yana wurin ɗaurin. 'Yan siyasa sun tsufar da maganar, amma ba laifinta ba ne.

Sai dai ka faɗa wa ƙannenka inda karin maganar ya tsaya. Kowace ƙwaya ɗigon haske ɗaya take iya haɗiyewa a lokaci guda. In ka ƙara wa fitilar lezar da ke haska madubin ƙarfi, ƙwayoyin sai su ƙoshi, madubin ya soma barin haske yana ratsa shi. Ka ninka abin da ka zuba, abin da ya dawo bai ninku ba. Wannan kam ban ji kakanninmu na Katsina da Daura sun yi masa karin magana ba, kada ka tilasta.

Haske na abin da ke fitar da shi ne, kamar rana ko aci-bal-bal. Ƙyalli na abin da ke mayar da shi ne, kamar sabuwar tasa. Walƙiyar Dicke haske ce, madubin Jamus kuwa ƙyalli yake yi.