Abokan Aiki Suna Mini Hassada: Ya Halatta In Rage Ƙwazo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne. Tun da aka ƙara mini girma daga mataki na 10 zuwa na 12, abokan aikina suka juya mini baya. Wasu ba sa amsa gaisuwata, ana ɓoye mini fayil, ana kai sarata wajen darakta. Barci ya ƙaurace mini. Ya halatta in sassauta aiki don su ƙyale ni? Wani kuma ya ce zai kai ni inda za a duba mini mai yi mini wannan.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Abin da ke damunka ba ƙarami ba ne. Hassadar 'yan'uwa ce ta jefa Annabi Yusuf a rijiya.

Amma rage ƙwazo da gangan bai halatta ba. Albashinka ladan aiki ne, kuma Allah ya ce a cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida. Idan ka yi sanyin jiki, wa zai cutu? Tsohon da ya zo daga ƙauye yana bin takardar fanshonsa, ba mahassadin ba. Sannan mahassadi ba ƙwazonka ne ke ci masa rai ba, ni'imar ce. Ko ka kwanta a ƙasa ba zai gamsu ba. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce.

Zuwa wajen mai duba haramun ne. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa boka ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Kuma zai nuna maka wanda bai ji ba bai gani ba, ka ɗauki alhaki.

Ka riƙe Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku safe da yamma. Ka rage bayyana samunka, kamar yadda Annabi Yaƙubu ya hana ɗansa faɗin mafarkinsa. Ka ci gaba da yi musu sallama. Ka kuma binciki kanka: ko kujerar ta sa ka fara ɗaga hanci?

Ɓoye fayil da ƙage kuwa sun wuce abin zuciya, zalunci ne a aikace. Ka kai ƙara a rubuce ga shugabanka, da hujja, kan wanda ka tabbatar kaɗai. Wannan ba giba ba ce, domin aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar faɗin abin da aka yi masa.

Allah ne mafi sani.